An Yaga Littafin Aljanu, An Bar Boka a Talabijin

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaida yayana bayan La'asar, na tarar da gidan ba daɗi. Ɗansa na biyu, yaro ɗan shekara 13, yana rakuɓe a bakin zaure yana share hawaye. Tsakar gida kuwa takardu ne warwatse, iska tana wasa da su. Na duƙa na ɗauki ɗaya. Shafi ne daga irin littattafan nan na yaƙi da ake kasawa a bakin kasuwa, masu hoton jarumi da takobi a bango. Layi biyu na karanta: wani aljani ya saɓa ɗan sarki a kafaɗa zai ƙetare da shi teku.

Na ce, "Yaya, lafiya?"

Ya ce, "Ina fa lafiya. Shirka yake jajibo mini cikin gida. Bokaye da aljanu da tsafi, iyakar abin da ke ciki ke nan. Yaron da ko izu goma bai haɗa ba."

Na ja bakina na yi shiru, don ba a yi wa babba musu a gaban ɗansa. Muka shiga falo. Can kuwa talabijin a kunne, uwargida da 'yan matanta biyu sun zuba mata ido. Fim ne na Hausa. Wata mata ta tuɓe takalmi, ta shiga bukkar boka da baya, ta zube kuɗi, aka ba ta ƙulli ta je ta barbaɗa wa miji a miya. Kafin a kawo mana ruwan sha, miji ya rubuta wa amarya takarda. Ba wanda ya tashi ya kashe. Shi kansa Yaya da ya zauna kallon ya shiga yi, har yana girgiza kai yana cewa, "Kai, mata! Allah Ya kiyashe mu."

Tun daga ranar abin yake cina. Ra'ayina kuma ga shi tun da wuri, don kada mai karatu ya wahala: littafin da aka yaga bai kai fim ɗin da aka bari haɗari ba, ko kusa. Labarin da ya ɗauke ka ya kai ka duniyar aljanu, ya gaya maka ƙarara cewa ƙage ne, ba shi ne yake tura mutum gidan boka ba. Wanda yake turawa shi ne labarin da ya shigo falonka, mutanensa suna sanye da irin kayanka, suna riƙe da irin wayarka, sannan ya nuna maka cewa duk abin da ya lalace a rayuwa da hannun wani a ciki.

Ƙofar shiga da ƙofar fita

Duk wanda ya tashi a gidan da akwai tsohuwa ya san yadda tatsuniya take farawa. "Ga ta nan, ga ta nanku." Yara su amsa, "Ta zo mu ji ta." Daga nan an buɗe ƙofa. Kura tana iya zuwa aikin hajji, Gizo yana iya cin bashi wurin giwa, ƙwarya tana iya yin magana. Ba yaron da zai ce, "Kaka, ai kura ba ta magana." Ya san inda aka shiga.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ake fita. "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Wasu tsofaffin ma sai su ƙara da cewa da ma ƙaryar ce suka shara muku. Wato mai labari da bakinta take rushe abin da ta gina, ta sallami yara su je su kwanta. Ga kuma ƙa'idar cewa ba a tatsuniya da rana. Rana ta aiki ce da aike da makaranta, dare ne na Dodo da Botorami. Iyayenmu na dā ba su karanta ilimin adabi ba, amma sun kewaye ƙage da katanga, sun yi masa ƙofa biyu, sun kuma yanka masa lokaci.

Littafin yaƙin da aka yaga shi ma yana da tasa katangar, ko da ba ta kai ta tatsuniya kyau ba. Yana farawa ne da wani zamani can baya mai nisa, a wani birni da ba ya cikin taswira, da sarki mai suna irin wanda ba a raɗa wa kowa a unguwarku. Yaron da ya karanta wannan ya san ba a bayan tashar mota abin yake faruwa ba. Da na fito zan tafi na tsaya wurin ɗan yayan nawa, na tambaye shi ko ya yarda akwai aljanin da ke ɗaukar mutum ya ƙetare teku. Ya dube ni kamar na yi masa tambayar raini. Ya ce, "Baffa, ai labari ne. Ni so nake in ga yadda zai kuɓuta."

Fim ɗin falo ba shi da ƙofar shiga, ba shi da ta fita. Ba wanda ya ce "ga ta nan". Gidan irin gidanmu ne, kishin irin wanda ake yi a layinmu ne, har miyar ma ta kuka ce.

Sihirin da ke da sharaɗi

Akwai abu na biyu da tatsuniya ta sani, wanda marubutanmu na yanzu da yawa suka manta. Abin al'ajabi ba ya zuwa kyauta. Yana da sharaɗi, yana da makari, kuma akwai abin da ake biya.

A ɗauki Ta-Kitse. Yarinya ce da aka samu daga kitsen bijimi, kyakkyawa ta bugawa a jarida in da akwai jarida a lokacin, har sarki ya aure ta. Amma da sharaɗi ɗaya: ba ta zuwa kusa da wuta. Daga lokacin da mai sauraro ya ji wannan sharaɗin, zuciyarsa ta rataye. Ya san akwai murhu a gidan, ya san akwai kishiyoyi, ya san wata rana sarki zai yi tafiya. Duk daɗin labarin yana cikin jiran nan ne. Ranar da suka tilasta mata aikin wuta ta narke, yara suna kuka, amma ba wanda ya ce an yi masa ha'inci, don tun farko an faɗi ƙa'ida.

Ko Daskin-da-Riɗi. 'Yan mata suna tafiya neman sunan saurayi, suka iske tsohuwa a rafi tana wanka, ta ce a cuɗa mata baya. Masu ado suka yi tsaki suka wuce. Wadda aka raina ce ta tsaya ta cuɗa. Ita aka gaya wa sunan. Lura da abin da ya buɗe sirrin: hali. Ba ta ba da kuɗi ba, ba ta binne laya ba, ba ta yanka baƙin bunsuru ba. Ta yi wa tsohuwa biyayya ne lokacin da ba mai ganinta.

Hatta a wajen tatsuniya, a camfe-camfen da muka gada, haka abin yake. Ɗan tauri da ke taƙama ƙarfe ba ya cinsa zai gaya maka akwai abin da aka hana shi ci ko yi, in ya kuskure magani ya karye. Mai layar zana an ce akwai yanayin da ba ta aiki. Bahaushe bai taɓa ƙirƙiro ƙarfin da ba shi da lago ba. Wannan ba wai ina gaskata su ba ne. Ina nuna cewa ko a cikin camfinmu akwai tsarin da marubuci zai ɗauka ya yi gini da shi.

Yanzu a koma ga bokan fim. Mene ne sharaɗinsa? Kuɗi. Mene ne iyakarsa? Babu. Yana raba aure, yana haɗa aure, yana hana haihuwa, yana sa kurciya mutum ya bar gari, yana haukatarwa, yana durƙusar da kasuwa, yana sa uwa ta tsani ɗanta. Duk inda marubuci ya maƙale, ya kasa bayyana dalilin da zai sa miji mai hankali ya juya wa matarsa baya, sai ya aika wata gidan boka. An huta da tunani.

Wannan lalaci ne na sana'a kafin ya zama matsalar aƙida. Mijin da ya wulaƙanta uwargida don ya ga sabuwar fuska mutum ne da za a iya yin labari a kansa: akwai son zuciya, akwai kunya, akwai nadama, akwai abin da zai faɗa wa 'ya'yansa. Mijin da aka barbaɗa wa magani kuwa buhu ne kawai, ana ɗauka ana ajiyewa. In asiri ya karye sai ya dafe kai ya ce, "Ina nake? Me ya faru?" Shi ke nan an wanke shi tas, ba wanda ke bin sa bashin haƙuri. Ina zargin wannan ne ya sa mazaje da yawa ba su ƙin irin waɗannan finafinan. Yayana ma ai "Kai, mata!" ya ce, bai ce "Kai, maza!" ba.

"Ai sihiri gaskiya ne, yana cikin Alƙur'ani"

Wannan ce hujjar da aka fi kawo mini, kuma ba ta wasa ba ce. Na'am, an ambaci sihiri a Suratul Baƙara aya ta 102, inda aka yi maganar Haruta da Maruta da abin da ake raba miji da mata da shi. Muna karanta Falaƙi kullum muna neman tsari daga masu tofi a ƙulle-ƙulle. Akwai sura guda sukutum mai sunan aljanu. Ni Musulmi ne, ban zo in musa ko ɗaya ba.

To amma ita wannan ayar ta Baƙara ta ci gaba da cewa ba su cutar da kowa da shi sai da izinin Allah. Fim ɗin falo bai san wannan rabin ayar ba. A wurinsa boka ba ya kuskure: in ya ce kwana uku, kwana ukun ne. Wane ne ya fi girmama boka, yaron da ya karanta labarin wani matsafi a birnin da babu shi, ko mai shirya fim da ya nuna wa matan aure cewa akwai wani mutum a bayan gari wanda aikinsa yake ci ɗari bisa ɗari?

Kuma yarda da cewa abu yana nan daban, ɗora masa kowace masifa daban. A nan ne bambancinmu da masu rubuta irin waɗannan labarai a Turai yake. Marubucin Ingila da ya ƙago makarantar koyon sihiri yana wahala ne ya sa mai karatu ya yarda na ɗan lokaci, in an rufe littafi kowa ya koma harkarsa. Marubucin Hausa ba shi da wannan wahalar. Mai karatunsa ya riga ya yarda tun kafin ya buɗe shafin farko, wataƙila ma da laya a ƙarƙashin matashinsa. Saboda haka nauyin da ke kansa ya fi yawa, don abin da ya rubuta ba ya tsayawa a takarda.

Misali ba ya wuyar samu. Cutar da ta nakasa yaranmu shekara da shekaru, wane suna muka ba ta? Shan-inna. Inna ta cikin bori ce aka ce ta shanye ƙafar yaro. Sunan kansa labari ne, kuma labarin ya zauna daram a bakin mutane, alhali ƙwayar cuta ce da ɗigon rigakafi yake tarewa. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar, kuma Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe da aka jira. Dattijo ya faɗi a banɗaki ɓarin jikinsa ya shanye, sai a ce jifa ne, ba mai tambayar yaushe rabon da a auna jininsa. Mai ciki ta kama jijjiga, a tsaya hayaƙi da tofi har lokacin asibiti ya wuce. Mai farfaɗiya a ce iska ce. Tsohuwa ta tsufa ta rikice tana sambatu, a ce mayya ce tana tona kanta. A 2023 aka yi ta jita-jitar satar mazakuta a Abuja da wasu garuruwa, aka riƙa lakaɗa wa mutane duka a titi saboda sun gaisa da wani ko sun goge shi a kasuwa.

Ban ce fim ne ya haifar da waɗannan ba. Sun girme shi nesa ba kusa ba. Amma wanda ya tarar da wuta tana ci ya riƙa kawo mata kara, ba zai ce ba ruwansa ba don ba shi ya ƙyasta ashana ba. Kuma a duk waɗannan misalan, ban ga inda aljani mai ƙetare teku ya shigo ba.

"Ai a ƙarshe asirin yana karyewa"

Haka masu shirya finafinan suke kare kansu, da marubutan da ke sakin labari kashi-kashi a WhatsApp. Wai faɗakarwa ce. A ƙarshe malam zai zo ya yi ruƙiyya, a tono layar, wadda ta yi asirin ta haukace ko ta ƙone, a rubuta aya a allo.

Mu yi lissafi. Labari mai kashi 40, an yi 38 asiri yana ci, amarya tana juya gida yadda take so, mota da gwala-gwalai da kujerar Makka. Kashi biyu na ƙarshe aka yi hukunci a gurguje. Matar da ke zaune cikin baƙin cikin kishiya, wane darasi za ta ɗauka? Ta ga abu yana aiki. Abin da ya rage mata shi ne ta yi dabarar da waccan ba ta yi ba, kada a kama ta. Hadisin da ya ce wanda ya je wa boka ya tambaye shi ba a karɓar sallarsa ta kwana 40 ba ya bukatar a yi masa tallar boka na wata uku kafin a karanto shi.

Da faɗakarwa ake nufi da gaske, akwai labarin da ya fi wannan gaskiya, ya kuma fi shi daɗi: bokan da aikinsa ba ya ci. Matar da ta sayar da ɗan kunnenta, ta sayar da akuya, ta ci bashin adashi, kullum ana ce mata saura ƙiris, wata ce take karya aikin, a ƙaro kuɗin turare. Duk unguwa akwai irin wannan matar. Ban cika ganin ta a fim ba, don marubuci zai sha wahalar gina ta.

Abin mamaki, magabatan rubutun zubenmu sun fi mu gane wannan. A gasar da wani Bature, Rupert East, ya shirya a 1933 a Hukumar Fassara ta Zariya, wadda ta haifar da littattafan ƙagaggun labarai na farko a boko, akwai *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam da *Ganɗoki* na yayansa Bello Kagara. Duka biyun akwai aljanu a ciki, kuma duka biyun 'ya'yan gidan malanta ne suka rubuta, ba wanda ya ce sun yi ridda. Amma duba yadda Imam ya yi. Ruwan da ake nema na al'ajabi ne, sai dai mafi yawan littafin wayo ne da damfara tsakanin mutum biyu, Alhaji Imam da Malam Zurƙe, da yadda ake cin kasuwar masu saurin yarda. Mai karatu yana dariya, yana kuma koyon yadda ɗan damfara yake ɗaure mutane da rawani da carbi. Gizo ma ai haka yake. Ba shi da laya ko ɗaya. Abin da yake da shi shi ne sanin cewa kura tana da kwaɗayi, zaki yana son yabo.

Labarin da ya fi amfani a kan imani da sihiri, a ganina, shi ne wanda ya sa ido a kan mai imanin: me ya kai ta, me take tsoro, me ta rasa, wa yake cin riba.

Laifin masu littattafan yaƙi

Kada a ce na wanke su. Na karanta su da yawa ina saurayi, ina haya a wurin mai shago kwana ɗaya-ɗaya, yanzu ma ina jin ana karanta su a rediyo da YouTube. Suna da nasu ciwon.

Na farko shi ne ƙari. Dakaru sai an ce miliyan dubu. Aljani sai an ce tsawonsa tafiyar shekara 40. Jarumi ya shiga cikin runduna ya yi kwana bakwai yana sara bai gaji ba. In komai ya zama mafi girma, ba abin da ke da girma. Dodon tatsuniya guda ɗaya ne tak, a bakin rafi, amma har yau akwai manyan da ba su son wucewa ta rafi da magariba.

Na biyu, su ma sukan faɗa ramin bokan fim. Matsafi ya duba madubinsa ya ga komai, ya aika aljani ya ɗauko komai. In jarumi ya shiga tsaka mai wuya, sai kawai a ce ya yi kabbara tsafi ya rushe. Niyyar mai kyau ce, ana son a nuna imani ya fi tsafi. Amma in tun shafi na 10 mai karatu ya san da kalma ɗaya za a gama, me zai sa ya bi ka zuwa littafi na huɗu? Imanin da bai sa jarumi ya rasa komai ba, bai yi haƙuri da komai ba, bai ji tsoro ya daure ba, ya zama wata layar ce kawai aka canza mata suna. Wannan ya kamata ya dami malamai fiye da hoton aljani a bango.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni haushi. Kullum Misra, kullum Hindu, kullum Birnin Sin da Bagadaza. Mun aro duniyar *Dare Dubu da Ɗaya* mun ƙi mayarwa. Alhali ga Dala a tsakiyar Kano, da labarin Barbushe da Tsumburbura da ke cikin tarihin Kano, mutumin da ke shiga wurin tsafi ya fito ya gaya wa jama'a abin da zai faru. Ga rijiyar Kusugu a Daura da macijin da ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Wannan ai sharaɗi ne irin na tatsuniya, an riga an gina wa marubuci. Ga Jangare, birnin da masu bori suka ce na iskoki ne, da sarkinsa da fadawansa da gidaje-gidaje kamar masarautar Hausa. Ga Sarauniyar Lugu a ƙasar Nijar da ta tari sojojin Faransa a 1899, wadda har yau ake ba da labarin asirinta. Wani zai ce taɓa waɗannan ya fi haɗari, don suna kusa da gida. Gaskiya ne, sai da gwaninta. Amma marubucin da ya iya zai ba da labarin zamanin Barbushe yadda mai karatu zai fahimci abin da ya sa mutanen suka yarda, da abin da ya sa jikokinsu suka bari. Wannan bai zama kiran mutane su koma Dala da baƙin bunsuru ba.

"To ko ba shirka, ai ɓata lokaci ne"

Wannan ita ce maganar da Yaya ya koma kanta da muka keɓe daga baya. Ƙarya ce, in ji shi, kuma yaro yana da hadda da jarrabawa.

Tsohuwar magana ce. Shi kansa East ya ba da labarin wahalar da ya sha kafin ya shawo kan malamai su rubuta ƙage, don a wurinsu alƙalami na ilimi ne, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Amsata gajeriya ce. Ƙarya ita ce ka faɗi abin da ba haka ba don a ɗauka haka ne. Wanda ya ce maka "ga ta nan" bai yaudare ka ba.

Batun lokaci kuwa, a yanka masa. A ce sai bayan hadda, sai bayan aikin gida, kamar yadda kakanninmu suka ce sai dare. Amma a tuna a wane zamani muke. Yaro ɗan shekara 13 da zai zauna da kansa ya karanta shafi 80 na Hausa ba wanda ya sa shi, a lokacin da sa'o'insa suke dangwalar waya, ba shi ne matsalar gidan ba. Malaman makaranta suna kuka yara sun gama firamare ba su iya haɗa jimla ba. Wannan ya iya, kuma aljanin nan ne ya koya masa. In littafin bai yi maka ba, ka zauna ka karanta tare da shi, ka tambaye shi me ya sa matsafin ya faɗi, me jarumin ya yi da ya cancanci nasara. In ya kasa amsawa, ka nuna masa raunin littafin, ka kawo masa wanda ya fi shi. Yaron da ya saba tambayar "mene ne sharaɗin wannan tsafin, ina makarinsa, wa ya ci riba" shi ne wanda in ya girma wani ya ce masa ya kawo dubu 50 a ninka masa, zai yi dariya.

Yaya ya saurare ni har na gama, ya ce zai duba. Na san ma'anar "zan duba" a bakinsa.

Da zan fita na leƙa falo in yi wa uwargida sallama. An gama fim, ana hira. Babbar 'yar, mai shekara 16, tana ba uwarta labarin amaryar maƙwabta da ta kwana biyu ba lafiya tun bayan haihuwa, ba ta barci, ba ta son ganin jaririn, tana ta kuka ba dalili.

Na ce, "An kai ta asibiti kuwa?"

Yarinyar ta ce, "Baffa, wannan ai ba na asibiti ba ne. Kowa ya san uwargidanta ce."